Injin da Babu Shi

Tsawar da ta kashe kwamfutar Baba ta faɗi ne da rana tsaka, cikin damina, bayan rasuwarsa da 'yan shekaru. Ina aji ina fama da yara a kan insha'i aka yi ta, har sai da muka dafe kunnuwa. Da na dawo gida na tarar da Yaya, babban wanmu, zaune a ƙofar shago ya haɗa kai da gwiwa, shagon kuwa sai warin ƙonanniyar roba yake. Ni da bakina ba ya shiru, na tambaye shi ko mutuwa aka yi. Kallon da ya yi mini ya sa na yi da-na-sanin tambayar.

Baba tela ne, mai aikin babbar riga. Da allura da zare ya fara, a zauren gidanmu da ke cikin garin Daura, kafin a fasa bangon zauren a mai da shi shago. Da idonsa ya fara gazawa a kan ƙananan ɗinki, sai ya sayo injin aiki na gwanjo, irin mai tafiya da kwamfuta. An yi masa dariya sosai, har da mu 'ya'yansa, a ɓoye. Tsohon da bai taɓa zama a ajin boko ba, shi ne zai tuƙa kwamfuta? Bai kula kowa ba. Ya sa tabarau ya zauna, ya koyi riƙe maus kamar yadda ya koyi riƙe allura, ya dinga zana ayyukansa ɗigo bayan ɗigo: aska biyu, aska takwas, da wasu nasa na kansa waɗanda ba su da suna a wurin kowa. Bai taɓa yarda ya sayi zanen wani ba. Daga Sandamu ake zuwa, daga Mai'adua, har daga tsallaken Kwangwalam, mutum ya ajiye shaddarsa ya ce a yi masa hannun Malam.

Yaya ne ya gaji shagon. Wajen yanka da haɗa riga ba ni da abin da zan ce da shi sai sambarka, amma zane Allah bai ba shi ba. Ko kaza ka ce ya zana, sai ka tambaye shi ina kai ina wutsiya. Shi ma ya sani, bai kuma taɓa musu ba. Bayan rasuwar Baba, kullum da safe sai ya kunna kwamfutar, ya zaɓi zane, ya ɗaura yadi a firam, injin ya yi ta zuba aikin Baba kamar yana raye. Abin da tsawar ta tsayar ke nan.

Injin kansa bai ji komai ba, domin Allah ya sa an zare wayarsa a ranar. Sai dai inji babu kwamfutarsa tulin ƙarfe ne kawai. Yaya ya ɗauki ƙonanniyar ya kai Katsina, ya kai Kano, duk maganar ɗaya ce. Cikinta ya soye. Sababbin kwamfutoci ba su da irin kafar da wayar injin ke shiga. Manhajar da Baba ya yi zane da ita ta tsufa, sababbi ba sa ɗaukarta, kamfanin da ya yi ta ma an ce ya rufe tuni. Sabon inji kuma, ko an saya, ba ya karanta zanen Baba. A taƙaice dai, duk abin da tsohon nan ya zana a ƙarshen rayuwarsa yana cikin akwatin da ya ƙone, babu mai iya fito da shi.

Na ga Yaya yana ramewa a gaban idona. Masu shadda suna zuwa yana ba su haƙuri suna komawa da kayansu. Ni a tunanina ciniki ne ke cinsa, har na ba shi shawara irin ta malaman makaranta, wadda ba ta cin ko sisi: ya sayi sabon inji, ya sayi zanen kasuwa kamar kowa. Ya ce mini, "Kai dai je ka koyar da yaranka." Daga baya ya fara maganar sayar da injin ga wani ɗan kasuwa Ibo mai shagon kayan gyara a bakin titi, tsohon abokin Baba. Mutumin ya zo ya duba, ya shafa injin, ya ce zai saya in dole ta sa, amma shi bai so a ce ta hannunsa aka farke kayan Malam ba. Ya roƙi Yaya ya ƙara jira.

Cikin wannan jiran ne Auta ta zo gida suna. Ita ce ƙaramarmu, kwamfuta ta karanta, a Kano take aure take aiki. Ni dai har ranar ban san takamaimai abin da take yi ba, in an tambaye ni sai in ce tana danne-danne. Ta shiga shago da goyo a bayanta, ta karɓi sukudireba, ta buɗe ƙonanniyar kwamfutar tana toshe hanci. Ta ciro wani ƙarfe mai kamar sabulun wanki, ta juya shi, ta shinshina.

"Yaya, wannan bai ƙone ba," in ji ta. "Nan ne ma'ajiyar. In Allah ya yarda zanen Baba na nan."

"Na nan a ina? Wa zai buɗe shi?"

"Kwamfutarsa."

"Wadda ta ƙone?"

"Zan yi masa wata, a cikin tawa."

Na yi dariya, domin na ɗauka zolaya ce. Ta fasa komawa Kano a ranar da ta sa, ta baje laftof ɗinta a kan teburin yanka, ta haɗa ƙarfen nan da wata waya, ta kwashe duk abin da ke cikinsa. Washegari da hantsi, ranar ba makaranta, ta kira mu. A tsakiyar fuskar laftof ɗin akwai wata 'yar taga baƙa. Ta danna wani abu. Rubutu ya fara gudu a tagar, sannan ta yi shuɗi, sannan sai ga ɗan kiɗan nan da kwamfutar Baba ke yi duk safiya idan ta tashi. Ga hoton da ya sa a fuskarta, na wata gona koriya shar da bai san ko ta ina ce ba, yana dai sonta. Ga fayilolinsa a jere da irin rubutunsa na wanda ya koyi boko da girma: na mutumin Sandamu, wuyan Sallah, mai wahala.

Na leƙa bayan laftof ɗin, wallahi na leƙa, kamar ɗan ƙauyen da ya fara ganin talabijin. Ƙonanniyar tana ƙasa a buɗe, hanjinta a waje, ga ta kuma a nan tana numfashi. Auta ta ce abin da na gani kwamfuta ce da ba ta da jiki. An gina ta ne da lissafi zalla a cikin wata kwamfutar, an ba ta duk abin da ta saba gani, har ita kanta ba ta san ta mutu ba. Na ce, "Ikon Allah." Yaya kuwa ya matso da kujerarsa.

Saura magana da inji. Nan Auta ta yi mini bayanin da har yau nake juya shi a raina. Ta ce a cikin tsohuwar kwamfutar akwai wata 'yar manhaja da suke kira direba, aikinta ɗaya ne tak: ita ta san yaren injin. Zane ba ya tafiya gaba ɗaya. Direban ne ke yanka shi gunduwa-gunduwa, ya aika saƙo: matsa dama kaɗan, soka, matsa sama, soka. Ya jira inji ya ce ya karɓa, sannan ya aika na gaba. To shi direban nan bai san kowa ba sai tsohuwar kafar da ya saba leƙawa, ita kuwa ta ƙone. Don haka za ta ƙera masa na bogi, inji da kafarsa waɗanda babu su a duniya, ta ajiye a daidai inda ya saba samu. Ya miƙa wa na bogin saƙo, na bogin ya fito da shi ta sabuwar waya ya kai wa na gaske. Wayar ma ɗan kasuwar nan ne ya tono ta daga ƙasan wani kwali, ya kawo da kansa, ya tsaya yana kallo har sai da aka kira shi shago.

Da aka haɗa, fitilar injin ta kawo kore, kansa ya motsa ya koma mazauninsa. Auta ta ce a kawo tsumma a gwada. Yaya ya ce atafau bai yarda ba. Baba bai taɓa sa zanensa a kan tsumma ba, yakan ce wulaƙanta aiki ne. In ka yarda da hannunka, ka yi bismilla ka ɗaura yadin kirki. Haka Yaya ya tashi ya gani, haka kuma zai yi. Ya jawo wata farar shadda mai tsada ta wani mutumin Kwangwalam da ya ƙi karɓar kayansa ya ce zai jira, ya ɗaura a firam. Auta ta ce, "Yaya, don Allah." Ya ce, "Danna." Ni ma na goyi bayansa, domin a lokacin na riga na sallama cewa ƙanwata ba ta kuskure.

Farkon tafiyar lafiya lau. Allura ta ɗauki gefen wuya tana bi tiryan-tiryan, har Yaya ya fara murmushi. Can sai ta yi tsalle. Ta bar layi ta faɗa tsakiyar ƙirji, ta soka a wuri ɗaya har ta huda, ta ja zare ta tsallaka wani gefen, ta dawo ta cukurkuɗe komai. Kafin Yaya ya kai hannu ya kashe, shaddar mutane ta zama abin tausayi. Ya cire firam ɗin ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Auta, kin yi ƙoƙari. Amma ki bar bawan Allah ya huta. Wannan ba hannunsa ba ne, kuma ba zan bari a ce nasa ne ba." Ya ce gobe a kira mai kayan gyara ya zo ya ɗauka.

Na ji tsoro a ranar, ba zan ɓoye ba. Abin da ya ba ni mamaki da safe sai ya koma ba ni tsoro da yamma, kamar mun tono abin da bai kamata a tono ba.

Labari ya shiga cikin gida wurin Inna, mahaifiyarmu. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko suna tsakar gida ɗaya. Sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A ce wa wancan abinci na hucewa." A faɗa masa, ya ce a ce mata to, a dawo a faɗa mata. Haka muka taso, har ba ma ganin abin a matsayin wani abu. Ranar ni ne a kusa. Ta ce, "A ce wa wancan ya ba yarinyar nan gobe. In bai yiwu ba ya yi yadda ya ga dama." Na je na faɗa. Na tsaya ina jiran amsa, domin Inna ba ta karɓar saƙon da ba a dawo da amsarsa ba. Daga ƙarshe ya ce a ce mata to.

Da safe na sami Auta a shago, 'yarta na barci a kan tarin yadi. Ta ce in zo in gani. Ta buɗe wata taga inda duk maganar da aka yi jiya tsakanin direba da inji take a rubuce, layi bisa layi, ba iyaka. Ta bi da yatsa tana fassara mini. Wannan direba ne ya ce ga saƙo. Wannan amsa ce, na karɓa. Ga saƙo, na karɓa. Ga saƙo, na karɓa. Na ce to ai komai daidai ne. Ta ce in dubi wanda ke amsawar. Ashe injin bogin ne. Da an miƙo masa saƙo sai ya ce na karɓa nan take, tun bai kai wa na gasken ba. Shi kuwa na gasken tsoho ne, cikinsa ƙarami, allurarsa ba ta wuce saurinta. Yana ta cewa dakata, dakata, ban gama da na hannuna ba, amma ba a kai maganarsa sama. Direba ya ji ana ta cewa to, ya yi ta turowa, saƙonni suka yi wa tsohon yawa suka dinga zubewa a hanya. Wanda ya samu ya ɗinka, wanda ya zube ya tsallake.

"Ka ga ɗan aiken da Inna za ta tura wurin Yaya," in ji ta, "ya tsaya a soro ya juyo ya ce mata Yaya ya ce to. Shi ne wannan."

Na zauna a kan benci ina kallon layukan nan. Duk rantsattsen aikin da muka yi shekaru muna gani yana fita daga shagon nan, ashe a ƙarƙashinsa hira ce ake yi, ƙanana-ƙananan maganganu da ido ba ya gani, wannan ya faɗa wancan ya amsa, sau dubbai kafin a gama wuya ɗaya, kuma ko ɗaya ba a yarda ta wuce ba amsa. Ni da nake koyar da harshe ban taɓa zaton ƙarfe ma sai da ladabin magana yake aiki ba. Na tambaye ta yanzu me za ta yi. Ta ce za ta hana na bogin amsawa da bakinsa. Ya kai saƙo, ya tsaya, sai abin da na gasken ya ce shi zai dawo da shi, in dakata ne dakata. Na bogi ne, amma ba a yarda ya yi ƙarya ba. Gyaran bai ɗauke ta lokacin shan shayi ba, abin har ya ba ni haushi.

Yaya ya shigo bayan azahar, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Tsumma dai har yanzu bai yarda ba, shaddar mutane kuma ba zai sake taɓawa ba. Ya tsaya yana dube-dube, sai ya miƙa hannu can saman kanta ya jawo wata leda da ƙura ta rufe. Yadina ne. Shuɗiyar shaddar da na kawo masa tun wata Sallah da na manta wacce ce, kullum yana ce mini sati mai zuwa. Wanda wansa tela ne ya san wannan sati mai zuwan. Na ce, "Au, yau ne satin ya zo?" Ko murmushi bai yi ba. Ya yanka, ya ɗaura, ya zaɓi zanen da Baba ya sa wa suna mai wahala. Na so in ce a fara da mai sauƙi tunda yadina ne, na ga ba fuska.

Ya yi bismilla, Auta ta danna. Allura ta sauka. Wannan karon tafiyar daban ce, tana gudu tana ɗan jinkirtawa, tana gudu tana ɗan jinkirtawa, a tagar Auta kuwa layuka na gangarowa, ina hango dakata na wucewa a tsakaninsu, ana kuma dakatawar. Ta bi gefen wuya, ta wuce inda ta yi tsalle jiya, ba ta ko girgiza ba. Ta karya kwana ta fara hawa aska. A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, domin ban taɓa zama na kalli aiki daga farko ba: injin ba ya bin hanya mafi kusa. Yana bin yadda Baba ya zana ne, ɗigo bayan ɗigo. Inda ya fara nan yake farawa, inda ya koma baya ya ƙara ƙarfin layi nan yake komawa. Hannun mutumin da muka kai makwancinsa ne ke yawo a kan yadina da rana tsaka, ta cikin kwamfutar da babu ita, ta bakin injin da babu shi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Sai injin ya tsaya cak.

Na dubi Auta, ita ma ta dubi tagarta. Ta ce ba lalacewa ba ce, injin ne ya aiko cewa launin farko ya ƙare, yana jiran a sauya zare. A fuskar kwamfutar Baba wani ɗan akwati ya fito da rubutu a ciki. Ashe manhajar tana ba mai zane wurin rubuta launin da za a sa a kowace tsayawa, Baba kuwa, tunda ya san wanda ke tsaye a gaban zare, ba launi kaɗai yake rubutawa ba. Na matsa na karanta: Kai, sa ruwan zuma. Kada ka ja da ƙarfi, ka cika gaggawa.

Na juya wurin Yaya. Shi ba karantawa yake ba, ya riga ya ɗauko ruwan zuman tun kafin akwatin ya fito. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya har da na aure, yana tsaye da zare a hannu, hawaye na bin fuskarsa bai ko share ba. Sai a lokacin na gane abin da ya rasa tun ranar tsawa, na kuma ji kunyar shawarar da na ba shi. Kullum da safe, duk shekarun nan, a shagon nan ana yi masa faɗa.

Ya zura zaren a hankali, bai ja ba. Ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi in Baba na zaune a kujerar.

"To, Baba," ya ce.

Ya danna maɓallin, amsar ta tafi, allura ta ci gaba.